Gwanin Salsala Ƙofar Fita Yake Fara Dubawa

Cikin shekara uku kacal, masu rubuta salsalar danginsu a kwamfuta sun sha girgiza har sau uku. A Yulin 2013 Cocin Mormon da ke Salt Lake City a Amurka ya janye hannu daga Personal Ancestral File, manhajar da ya fara fitarwa tun 1984, wadda daga baya ya riƙa rabawa kyauta har ta shiga gidaje ba adadi. A Yulin 2014 Bob Velke, mai kamfanin Wholly Genes, ya sanar da cewa The Master Genealogist ta zo ƙarshe; ita kuwa manhaja ce ta masu zurfin bincike, waɗanda ba sa rubuta ranar haihuwa sai da madogara. A Disambar 2015 sai ga kamfanin Ancestry yana cewa zai daina sayar da Family Tree Maker. Wannan karon ƙorafi ya yi yawa, har a farkon 2016 aka miƙa ta ga kamfanin Software MacKiev, ta ci gaba da rayuwa a hannunsa. Sauran biyun ba su dawo ba.

Manhajojin ba su daina buɗewa a ranar sanarwa ba. Amma kowa ya san ƙaura ta zama dole, don duk manhajar da aka daina yi wa gyara, wata rana sabon Windows zai ƙi ta. A wajen ƙaurar ne aka bambance wanda ya iya da wanda bai iya ba. Wasu sun kwashe aikin shekara ashirin sun sauke a sabon wuri kusan ba tare da asara ba. Wasu sun isa da sunaye da ranaku, amma shaidun aure, da bayanan gefe, da hujjar da ta nuna wane ɗan wane ne, sun zube a hanya. Rukunin farko nake son mu duba yadda suke aiki. Galibinsu ba injiniyoyi ba ne. Tsofaffin malaman makaranta ne, da ma'aikatan laburare, da 'yan fansho masu hidima a ƙungiyoyin tarihin dangi. Abin da suka ƙware a kai shi ne zaɓe, kuma zaɓensu ya saɓa wa na sauran jama'a tun daga matakin farko.

Sabon shiga yakan fara da kallon kyan bishiyar da manhaja ke zanawa, da launinta, da yadda hotunan kakanni ke jeruwa. Gwani bai damu da wannan ba tukuna. Shi a wurinsa manhaja gidan haya ce: kayan ciki naka ne, ginin ba naka ba ne, kuma wanda ya taɓa tashi daga gidan haya ya san a auna faɗin ƙofa kafin a shigar da gado. Don haka kafin ya rubuta sunan kakansa ko ɗaya, sai ya nemi maɓallin fitar da bayanai, ya ga me ke fita da me ke maƙalewa.

Ƙofar da kusan dukkan manhajojin nan suka yi tarayya a kanta sunanta GEDCOM. Cocin Mormon ɗin nan ne ya ƙirƙiro ta a 1984, saboda aƙidarsu ta ɗora musu neman sunayen magabatansu, kuma tun 1894 suke da ƙungiyar da ke wannan aiki. GEDCOM fayil ne na rubutu zalla, wanda ko Notepad zai buɗe. Kowane layi yana farawa da lamba mai nuna matsayinsa, sai gajeriyar alama, sai bayanin. Layi mai sifili da INDI yana buɗe mutum. Mai lamba 1 da NAME yana ɗauke da sunansa. BIRT haihuwa ce, a ƙarƙashinta DATE da PLAC suna faɗin rana da wuri. Aure yana da nasa rukunin mai alamar FAM, inda ake nuna miji, da mata, da 'ya'ya. Shi ke nan. Sauƙin nan shi ya sa fayil ɗin da aka rubuta shekara talatin da suka wuce har yau ana iya karanta shi.

Matsalar ita ce tsarin ya daɗe a tsaye. Zubi na 5.5 ya fito a tsakiyar shekarun 1990, na 5.5.1 ya zauna a matsayin daftari daga 1999 har 2019, sannan na 7 bai zo ba sai 2021. A tsawon wannan lokaci manhajoji sun yi ta ƙirƙiro abubuwan da GEDCOM ba ta tanadar wa wuri ba. Mafitar da aka ba su ita ce kowace ta ƙago alamominta, masu farawa da ɗan layi a ƙasa. Wadda ta rubuta alamar ta san ma'anarta. Wadda ta karɓa tana iya ganewa, tana iya jefa bayanin cikin tarkacen gefe, tana iya watsar da shi ba ko sallama. Wannan ne ya cinye masu The Master Genealogist. Manhajarsu tana ba da damar a rataya mutane da yawa a kan lamari guda, kowa da rawar da ya taka, kuma tsohuwar GEDCOM ba ta iya ɗaukar wannan yadda ya kamata ba. Sai da manhajojin RootsMagic da Family Historian suka gina hanyar karanta fayilolinta kai tsaye, ba tare da bi ta GEDCOM ba, sannan mutane da yawa suka samu fita da kayansu. Bahaushe ma abin ya shafe shi, don ɗaurin aure guda yana da waliyyi, da wakilin ango, da liman, da shaidu, kuma sau da yawa sunan waliyyin ne ke warware wa mai bincike ko wane ne baffan amarya.

To yaya gwani yake gwadawa? Ba ya zuba duk danginsa. Yakan gina ƙaramar bishiya ta mutum ashirin ko talatin, ya cika ta da dukkan masifun da ya san suna cikin salsalarsa. Sai ya fitar da ita a GEDCOM, ya buɗe fayil ɗin da idonsa ya karanta, sannan ya shigar da shi wata manhajar daban, ya karanta rahoton kurakuran da take bayarwa, wanda yawancin mutane ke rufewa ba su duba ba. Daga nan ya ƙirga: mutum nawa suka shiga, nawa suka fito, aure nawa, madogara nawa, bayanin gefe nawa. Aikin yini guda ne. Abin da ke burge ni shi ne yadda ake zaɓen masifun, don a nan sanin dangi da sanin kwamfuta suke haɗuwa.

Da ni zan haɗa wa Bahaushe irin wannan bishiyar gwaji, gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zan ɗauka, don sananne ne kuma babu abin da bai ƙunsa ba. Shehu ya auri mata fiye da ɗaya: Muhammadu Bello da Nana Asma'u uba ɗaya suke, uwa kowa da tasa. A GEDCOM kowane aure rukuni ne mai zaman kansa, miji ɗaya mata ɗaya, don haka mai mata huɗu yana da rukuni huɗu. Wannan yana fita lafiya. Abin da ke rikicewa shi ne jeri. Idan ba a san ranakun auren ba, wata manhajar takan sake jera matan yadda ta ga dama, uwargida ta koma ta uku, kuma 'ya'yan da ba su da ranar haihuwa su hautsine, wa ya koma ƙane. A gidan da girma yake bin jeri, wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Sannan ga Abubakar Atiku har biyu a jerin sarakunan Musulmi: ɗan Shehu da ya yi mulki daga 1837 zuwa 1842, da Atiku na Raba ɗan Muhammadu Bello da ya yi daga 1873 zuwa 1877. Manhajoji suna da dabarar gano mutumin da aka rubuta sau biyu don a haɗe shi. Wadda ta ga suna iri ɗaya, gari ɗaya, sarauta ɗaya, ta matsa maka ka haɗe baffa da ɗan ɗan'uwansa, za ta yi maka ɓarna a gidan da kowane tsatso yake da Muhammadu biyar.

Sai kwanan wata. Shehu ya rasu a 1232 bayan Hijira, wato 1817. Tsohuwar GEDCOM kalanda huɗu ta sani: ta Miladiyya, da ta Juliyas wadda ta gabace ta, da ta Yahudawa, da ta juyin juya halin Faransa. Babu Hijiriyya. Manhajar Gramps tana karɓar kwanan Hijiriyya a cikinta, tana kuma lissafa daidansa, amma lissafi take bi ba ganin wata ba, don haka tana iya saɓawa da kwana ɗaya ko biyu. Akwai kuma tarko: shekarar 1232 ta faro ne a Nuwambar 1816 ta ƙare a Nuwambar 1817, saboda haka wanda ya samu shekara kawai a bayan wani littafi, ba wata ba rana, bai da ikon ya rubuta 1817 kai tsaye. Gwani zai rubuta “tsakanin”, kuma GEDCOM tana da alamomin wannan: ABT wajen, BEF kafin, AFT bayan, BET tsakanin. Zai kuma ajiye ainihin kwanan Hijiriyyar a bayanin gefe, don ko ƙofa ta hana shi fita ta nan ya fita ta can. Haka yake yi da irin kwanan da tsofaffinmu ke bayarwa. Idan goggo ta ce an haife ta shekarar zuwan Sarauniyar Ingila, zai sa wajen 1956, amma maganar goggon ma sai ta samu wurin zama, da sunan wanda ya ji ta faɗa. Manhajar da ta nace sai an ba ta rana da wata da shekara, ta koya wa mutum ƙarya ne.

Haruffa ma abin gwadawa ne. Tsohon zubin GEDCOM ya dogara da wani jerin haruffa mai suna ANSEL, wanda aka yi domin laburaren Turawa, kuma babu ƙ, ɗ, ɓ a cikinsa. A tsarin UTF-8 kuwa haruffanmu masu lanƙwasa da rubutun ajami suna fita daidai. Gwani yakan sa Ɗanladi da Ƙaura cikin bishiyar gwaji, da suna ɗaya da ajami, ya ga ko za su dawo yadda suka tafi ko za su koma alamar tambaya. Yakan kuma duba ko neman Danladi ba lanƙwasa zai kawo Ɗanladi, don rabin dangi da wayar da ba ta da haruffan suke rubutu.

Wannan ya kawo mu ga rabi na biyu na gwanintar, wato bincike. Kowace manhaja tana da akwatin da za ka rubuta suna ta nemo. Wannan ba ya ɗaukar hankalin gwani. Shi tambayoyi yake da su, kuma yakan rubuta su a takarda kafin ya taɓa kowace manhaja. Su wa aka haifa a Zinder suka rasu a Kano? Cikin zuriyar wane, su wa suka riga shi rasuwa? Waɗanne mata ne muka san mazansu amma ba mu san iyayensu ba? Wane ne aka ce an haife shi bayan rasuwar uwarsa? Lura da biyun ƙarshe: ɗaya tana neman abin da babu, ɗaya tana neman abin da ba zai yiwu ba. A nan manhajoji suke rabuwa. Neman abin da ke akwai kowa ya iya. Wadda za ta jero maka mutum ɗari uku da ba su da madogara ko ɗaya, ita ce ta nuna maka aikin da ya rage, ta kuma faɗa maka tsohon da ya kamata ka ziyarta kafin ƙasa ta rufe masa ido.

Manhajoji uku sun yi suna a wannan fanni, kowace da hanyarta. Gramps, wadda Don Allingham ya fara a 2001, kyauta ce, masu sa kai ke gina ta, tana aiki a Windows da Mac da Linux. A cikinta mutum yana haɗa rariyarsa da kansa daga ƙananan sharuɗɗa: zuriyar wane, mace, ba ranar rasuwa. Yana iya cewa duk sharuɗɗan su cika, ko ɗaya ya isa, ko a kawo akasin sakamakon, sannan ya adana rariyar da suna ya saka ta cikin wata. Family Historian ta kamfanin Calico Pie a Ingila tana da nata fagen tambayoyi mai fitar da amsa a jadawali, layi-layi, kuma fayil ɗin da take aiki da shi kullum shi kansa GEDCOM ne. RootsMagic ta Bruce Buzbee kuwa tana ajiye bayananta a rumbun SQLite, wanda ya sa masu ɗan sanin harshen SQL suke buɗe rumbun su yi masa tambayar da manhajar ba ta tanada ba. Wannan na ƙarshe sai da hattara, kuma a kan kwafi ake yi, ba a kan asali ba.

Sunayenmu su ne babbar jarrabawa. Manhajojin nan an gina su ne a kan al'adar da suna na biyu yake gangarowa daga uba zuwa ɗa zuwa jika ba ya canzawa, har GEDCOM ta keɓe masa wuri tsakanin karkatattun layuka biyu. Mu kuwa Malam Aminu Kano ɗan Malam Yusufu ne, Kano garinsu ce. Shagari ƙauye ne, Tafawa Ɓalewa gari ne. Bellon da ke sunan Sardauna ba mahaifinsa ba ne. Mahaifinsa Ibrahim ne, Bello kakan mahaifinsa ne. Wanda ya bar manhaja ta riƙa liƙa wa kowane ɗa sunan ƙarshen ubansa, ya ƙirƙiro dangin da ba a taɓa yi ba. Gramps ta yi ƙoƙari a nan, don tana barin a faɗi asalin sunan: na uba ne, na gari ne, na sana'a ne.

Ga kuma yawan sunaye a kan mutum guda. Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu, shi ne Buba. A'isha Indo ce, Hauwa Kulu ce, Usman Shehu ne, Yusuf Maitama ne. Yaron da ya ci sunan kakansa, uwarsa ba za ta kira sunan ba saboda kunya, sai ya tashi Abba ko Baffa, har wasu ƙannensa su girma ba su san sunansa na yanka ba. Ɗan'uwan da ke Maraɗi takardunsa Ousmane da Mahamadou suke ɗauke da su, na Katsina Usman da Muhammadu. Manhajoji da yawa suna alfahari da Soundex, dabarar da aka yi wa rajista a Amurka tun 1918, mai mayar da suna harafi ɗaya da lamba uku don a kamo masu kama da juna a furuci. Gwada ta a kan namu ka sha mamaki. Muhammad, Mohammed da Mahamadou duk M530 suke bayarwa, madalla. Amma Mahmud ma M530 ne, Mamman kuwa, wanda shi ne Muhammadun, M550 ne. Usman U255, Ousmane O255, ba za su taɓa haɗuwa ba tunda harafin farko ya bambanta. Garba da Abubakar kuwa babu lissafin da zai haɗa su. Saboda haka gwani ba ya dogara da wayon manhaja. Abu biyu yake nema: ta bar shi ya ba mutum suna biyar, kowane da nau'insa, kuma bincike ya shiga dukkan biyar ɗin, ba na farko kaɗai ba. Akwai manhajojin da ke karɓar laƙabi da hannu bibbiyu amma in ka neme shi su ce babu.

Wurare ma suna motsi. Wanda aka haifa a Dutse a 1980 a Jihar Kano aka haife shi; ƙanensa na 1992 ɗan Jigawa ne, ɗaki ɗaya. Haka Katsina kafin 1987, haka Gusau kafin 1996. Gramps tana iya riƙe gari ɗaya a ƙarƙashin jiha biyu, kowace da shekarunta, amma GEDCOM takan baje wannan ya koma jerin sunaye da waƙafi a tsakani. Wani abin lura ke nan a rahoton gwaji.

Akwai dangantakar da Bature bai tanadar wa gurbi ba sam, kuma a wurinmu tana hana aure: shayarwa. Riƙo yana da wuri, don yawancin manhajoji suna bambanta ɗan ciki da ɗan riƙo da agola. 'Yan'uwan shayarwa kuwa sai dai a yi amfani da gurbin alaƙa ta musamman tsakanin mutum biyu, a rubuta mata suna da hannu, sannan a gwada ko tana fita, ko kuma ana iya nemo duk masu ita. Auren zumunci ma yana sa mutum ɗaya ya zama kaka ta wajen uwa da ta wajen uba, kuma manhajar kirki za ta nuna duk hanyoyin da mutum biyu suka haɗu, ba mafi kusa kaɗai ba. Batun gado kuwa, manhaja ba alƙali ba ce, kada wanda ya ba ta wannan matsayi. Amma jerin wa ya riga wa rasuwa, wanda rabon ya dogara a kai, tana iya fitar da shi cikin daƙiƙa idan an zuba ranakun da gaskiya.

In an tambaye ni, ga gidan Bahaushe Gramps ce ta fi kusa da buƙata, saboda Hijiriyya da tsarin sunaye da rariyoyinta, ga shi ba a biyan ko kwabo, kuma ba ta buƙatar intanet. Sai dai ba ta da fara'a ga baƙo. Makon farko mutum zai yi ta ɓata a cikinta. Tana da nata fayil na XML da ke kwashe dukkan bayanai ba ragi, wanda shi ya dace da ajiya, GEDCOM kuma ta zama ta musaya da wasu. Hotuna da takardun da aka ɗauka a hoto galibi ba sa shiga cikin tsohuwar GEDCOM, adireshin inda suke a kwamfutarka kawai take ɗauka, don haka wanda ya sauke bishiyarsa daga wani shafin intanet ya ga fayil ya zo, kada ya ɗauka hoton kakarsa ya biyo shi. Zubi na 7 ya kawo GEDZIP mai ƙunshe bayanai da hotuna wuri guda, amma sai manhajar da ke aikawa da mai karɓa duk sun san shi.

Inda bincike da fitarwa suke haɗuwa shi ne lokacin da wani ɗan'uwa ya ce a turo masa nasu ɓangaren. Gwani ba ya tura rumbun gaba ɗaya. Yakan ɗora rariya a kan fitarwar: zuriyar kakan wannan ɗan'uwan kawai, ban da abin da aka yi wa alamar sirri, rayayyu kuma a ɓoye bayanansu. In don taron dangi ne, sai ya fitar da CSV ya buɗe a Excel, ko ya buga PDF ga dattawan da takarda suka fi yarda da ita. Ɓoye rayayyun ne ke buƙatar ido. Manhaja ba ta san wanda ke numfashi ba, ƙiyasi take yi. Gramps, alal misali, tana ɗaukan wanda ba a rubuta rasuwarsa ba a matsayin mai yiwuwa yana raye har shekara 110, in kuma ba ranar haihuwa sai ta laluba ta 'ya'yansa da 'yan'uwansa. A salsalar da rabin mutanenta ba su da kwanan wata, ƙiyasin yana iya kuskurewa ta kowane ɓangare. Kuma ko ta ɓoye sunan mai rai, bayanin gefen da ke jikin mamaci yana iya ɗauke da labarin sakin da aka yi, ko rigimar gona, ko lambar wayar wadda ta ba da labarin. Fayil ɗin da ya shiga zauren WhatsApp na dangi ba ya dawowa. Shi ya sa kafin ya tura, gwani yakan sake buɗe shi a Notepad, ya nemi sunan kansa, ya nemi sunan 'yarsa, sannan ya rubuta 080 da 070 da 090 ya ga ko wata lamba za ta fito.